Ɗan Garuwa a Cikin Gilashi

A ƙasan kowace takarda akwai rubutu uku da fensir. Daga hagu lamba, kamar 7/30. A tsakiya sunan da aka raɗa wa zanen. Daga dama sa hannun wanda ya yi shi, da shekara. Na bi bangon zauren ina duba su ɗaya bayan ɗaya, guda ashirin da 'yan kai, na tarar duk haka suke. Fensir ɗin nan dai na 'yan firamare, wanda ake feƙewa da reza, shi ne a gindin takardun da aka ce kowace za ta yi dubu ɗaruruwa.

Wani abokina ne ya ja ni wurin, a Abuja, wata Asabar bayan isha'i. Ya ce gwanjo za a yi. Da jin haka sai hankalina ya tafi Ƙofar Wambai, inda ake kwance dila ana ɗaga riguna da wanduna, domin mu yanzu in an ce gwanjo, tufafin da wani ya sa ya tuɓe muke nufi. Mun kusa manta cewa asalin kalmar cinikin "wa zai ƙara" ne, irin wanda ake yi wa tsofaffin motocin gwamnati ko kayan da kwastan suka kama. Abokin nawa ya ce a wannan gwanjo hotuna za a sayar, aikin hannu, kuɗin kuma na makarantar wasu marayu ne. Masu zanen sun bayar da aikinsu kyauta, masu hali za su taya, abin da aka samu a biya wa yara kuɗin zango da littattafai.

Na saba in za a nuna Arewa a hoto, to hawan Daushe ne: doki, lifidi, algaita, rawani mai kunne biyu. Nan babu ko ɗaya. Titi ne zalla. Ga mai shayi ya ɗaga hannu sama yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, burodi a jere a gabansa kamar tubali. Ga mai yankan farce a tsugune, ya ɗora ƙafar wani dattijo a cinyarsa. Ga danfo na Legas sun cushe a ƙarƙashin gada. Ga masu rini a Ƙofar Mata, hannuwansu cikin baba har gwiwa. Akwai wani da ya tsayar da ni, na 'yan acaɓa da suka yi dafifi a bakin danja a Kano, ko kwalta ba ka gani. Wannan titin babu shi yanzu. Tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin, A Daidaita Sahu ta gaje hanya. Yaron da ya tashi bayan nan bai san wancan ƙugi da hayaƙi ba, sai dai ya gani a takarda irin wannan.

Amma wanda na fi daɗewa a gabansa na ɗan garuwa ne. Baƙi da fari ne kawai, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba. Mutumin ya tsaya a ƙofar wani gida cikin lungu, ya tokare tayar kurarsa da dutse. Na ƙirga jarkokin, goma sha biyu, shida nan shida can. Mai zanen bai bar komai ba. Ga 'yar ledar da ake sa wa bakin jarka kafin a murɗa murfi, don kada ruwa ya yi ta tsiyaya a hanya. Ga tsumman da aka nannaɗe a mariƙin kura saboda kantar hannu. Ga silifas ɗaya da maɗaurinsa ya tsinke aka ɗaure da waya. Ya naɗe wando zuwa ƙwauri, bakin wandon ya jiƙe ya yi duhu. Daga cikin zaure wani ɗan hannu ya leƙo, hannun yaro, riƙe da kuɗi, shi kuma ya miƙa nasa zai karɓa. Fuskarsa ba fara'a ba ɓacin rai, fuskar wanda yake lissafin gida nawa suka rage masa kafin la'asar.

Sau nawa na wuce irin wannan mutum a hanya? Galibi ma hon nake danna masa ya kauce. Yau ga shi an sa shi a gilashi, an haska masa fitila, na tsaya wajen minti goma ina kallon silifas ɗinsa.

Mai zanen yana wurin, saurayi ne da bai kai talatin ba, ya ce a Zariya ya yi karatu. Na tambaye shi abin da ke cina. In aikin hannu ne, ya aka yi ya zama talatin? Ko na'urar kwafi aka sa?

Ya ce, "Yallaɓai, ka san masu sassaƙa hatimin roba da ke zama a bakin kotu ko gidan waya?"

Na ce na san su.

"To aikinmu ɗaya da su, nawa dai ya fi faɗi."

Sai ya kwance min abin dalla-dalla. Wata irin roba ce mai kauri, dangin ledar tsakar ɗaki, wasu kuma katako suke amfani da shi. Zai zana abin da yake so a kai, sannan ya bi da 'yan wuƙaƙe masu baki kamar kwari yana ƙwaƙulewa. Duk inda ya ƙwaƙule zai fito fari, inda ya bari shi zai ɗauki tawada. Ke nan hasken da na gani a goshin ɗan garuwan rami ne a jikin roba. Babu gogewa a aikin, in wuƙa ta zame ta ci inda bai kamata ba, shi ke nan. Mako uku ya yi a kan wannan guda ɗaya. Da ya gama sai ya murza tawada da rola, ya shimfiɗa takarda, ya bi bayanta da bayan cokali yana dannawa har ta kama, sannan ya ɗaga a hankali daga kusurwa. Haka ya yi sau talatin, ban da waɗanda suka ɓaci ya yaga. Shi ya sa in ka haɗa ta bakwai da ta ashirin, za ka ga wata tawadarta ta fi cika, wata ta ɗan yi hatsi-hatsi a gefe. Ya ƙara da cewa komai a juye yake fitowa, kamar a madubi, shi ya sa mai hatimi yake sassaƙa sunanka ta baya.

Lambar kuwa alkawari ce. In ya rubuta talatin, to ya ɗaure kansa cewa babu ta talatin da ɗaya, kuma in ya gama bugu sai ya ja wa robar wuƙa daga kusurwa zuwa kusurwa don kada shaiɗan ya raya masa wani abu nan gaba. Fensir kuma an zaɓe shi ne don ba ya koɗewa kamar biro, kuma na'ura ba ta iya kwaikwayonsa yadda ido ba zai gane ba. Wasu daga cikin hotunan da ke bangon a farantin tagulla aka yi su: a shafe shi da kaki, a zana da allura, a tsoma a asid ya ci inda allurar ta bi, a cusa tawada a cikin ramukan, a danne da jiƙaƙƙiyar takarda a injin matsi. Irin waɗannan in ka duba gefensu za ka ga shatin farantin ya lotsa takardar.

Da ya ambaci Zariya ban yi mamaki ba. A can ne, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka ce ba za su ci gaba da zana abin da Bature ya kawo kawai ba, sai sun haɗa da na gida. A cikinsu akwai Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, kuma har yau in ana maganar zanen bugu a Najeriya da sunansa ake farawa. Ashe wannan sana'a da nake gani baƙuwa, ta yi shekara sittin da ɗoriya tana tsiro a Samaru, mu muna wucewa ta gabanta a mota zuwa Funtuwa.

Wajen ƙarfe tara aka fara. An ba duk mai niyyar saye ɗan allo mai lamba. Mai gwanjo ya hau mumbari da 'yar gudumarsa ta katako, wasu samari biyu sanye da farar safar hannu suna ɗago hoto ɗaya bayan ɗaya. A nan na ga cinikin da ban saba gani ba. A kasuwar shanu ta Wudil ko Maigatari, in ka taya sa, mai shi ya ce albarka, ka ƙara, ya ce albarka, har ku kai inda dillali zai haɗa hannuwanku ya ce a sallama. Amma can kana ƙarawa ne ranka ba ya so, kana kushe ƙaho kana kushe kofato. Nan mutum yana ƙarawa yana murmushi, ana yi masa tafi, wanda aka kayar ma ya juyo ya ɗaga masa hannu. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne ƙaddamar da littafi, inda babban mai ƙaddamarwa zai ce ya sayi kwafi biyar a kan miliyan kaza. Sai dai duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya san cewa alkawarin lasifika wani a cika, wani a yi ta sintiri a ƙofar ofis har takalmi ya ƙare. A wannan zaure kuwa ba ka fita da takarda sai ka biya. Wannan ya burge ni, kuma ina ganin da shi ya kamata mu yi koyi.

Wani dattijo da ke kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Malam, anya wannan ba najashi ba ne?" Na ce a iya sanina najashi shi ne mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba, don kawai ya zuga farashi a cuci wani. Nan kuwa duk wanda ya ɗaga allo, in guduma ta faɗa a kansa sai ya biya. Ya gyaɗa kai, sannan shi da kansa ya tuna min da labarin da ke cikin littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah, daga Anas ɗan Malik. Wani mutumin Madina ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana roƙo. Aka tambaye shi me yake da shi a gida, ya ce wani mayafi da ƙoƙon shan ruwa. Aka sa ya kawo su, Annabi ya ɗaga su a gaban sahabbai, wani ya taya dirhami ɗaya, aka nemi mai ƙarawa, wani ya ba da biyu. Aka danƙa wa mutumin kuɗin, ɗaya ya sayi abinci, ɗaya ya sayi gatari ya shiga itace. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfin isnadinsa, amma labarin sananne ne, kuma da shi malaman fiƙihu da yawa suke kafa hujja a kan halaccin cinikin ƙari. Abin da ya zauna min a rai shi ne, a wancan gwanjo mai buƙatar yana tsaye a wurin, kayan nasa ne, kuɗin kuma a tafin hannunsa aka sa.

Ɗan garuwa ne na goma sha huɗu. Aka buɗe da dubu hamsin. Wata Hajiya a layin gaba ta ɗaga allo, wani mai kwat ya ƙara, suka yi ta yi har dubu ɗari biyu. Daga nan sai wata budurwa da ke tsaye a gefe, waya manne a kunne, ta fara ɗaga hannu a madadin wani da ba ya wurin. Mai kwat ya ajiye allonsa. Hajiya ta dage har dubu ɗari huɗu, ta yi shiru, ta dubi hoton, ta girgiza kai. Ɗaya, biyu, uku, guduma ta sauka a kan dubu ɗari huɗu da hamsin. Ba a faɗi sunan mai sayen ba, an ce shi ya nemi a sakaya. Na ji daɗin haka, domin sadakar ɓoye tana da nata matsayi.

Ina zaune na buga lissafi a bayan katin gayyata. A unguwarmu a lokacin jarka naira 100 ce. Dubu 450 jarka 4,500 ke nan. In kura tana ɗaukar 12, sawu 375. Kowace jarka lita 25, wato kowane sawu kilo 300 na ruwa ban da nauyin ƙarfen kura, a kan hanyar da rabinta kwata ce rabi rami. Kuma wannan kafin ya cire kuɗin mai burtsatse da na hayar kura. Ban yi lissafin don in ce an yi laifi ba. Kuɗin marayu ne, kuma mako ukun saurayin nan ma gumi ne. Na yi ne don in san nauyin abin da na gani.

Da aka tashi shan lemo na koma wurin mai zanen na yi masa barka. Sannan na ce, "Shi wannan bawan Allah, ya sunansa?"

Ya ɗan yi jim. "Wallahi Yallaɓai, ban sani ba. A Fagge na gan shi, ina cikin A Daidaita Sahu, cunkoso ya tsayar da mu, na ɗauka da waya. Kafin in yi wani tunani an ba da hannu mun wuce."

Bai ɓoye ba, bai kuma kawo uzuri ba, kuma na ga tambayar ta taɓa shi. Ba shi ya fara ba. A Landan, tsakanin 1793 da 1797, an buga jerin zane goma sha uku na Francis Wheatley a kan 'yan tallar birnin, masu madara da masu lemo da masu ashana, suka shiga gidajen masu kuɗi a Ingila da Faransa. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane shi ne kiran tallar, da Turanci da Faransanci. Mu ma haka muka yi wa namu: yana tafe yana cewa "ga ruwa", sai kiran ya zama sunansa. Kafin Wheatley akwai William Hogarth, wanda ya shahara da zana hayaniyar titin Landan. A 1750 ya sayar da bugun wani zanensa na sojoji suna ficewa daga gari cikin 'yan talla da mashaya, ya ce duk wanda ya ƙara sule uku zai shiga ƙuri'ar cin ainihin zanen. Cikin tikiti 2,000 guda 167 suka yi kwantai, ya ba gidan renon 'ya'yan tsintuwa da Thomas Coram ya kafa a 1739, kuma a cikin nasu ƙuri'ar ta faɗa. Zanen yana gidan tarihin gidan renon har yau. Ashe tun da daɗewa hoton talakan titi yake ciyar da maraya. A Legas ma, kamfanin Arthouse Contemporary da ya fara gwanjon zane a 2008 yakan ware 'yan guda na taimako.

Amma dubi Tutu. Ben Enwonwu ya zana ta a 1974, bugunta ya rataya a ɗakuna da yawa a ƙasar nan, aka daɗe ba a san inda ainihin zanen yake ba, sai a 2017 aka same shi a wani gida a arewacin Landan, a watan Fabrairun 2018 kamfanin Bonhams ya yi gwanjonsa a kan fam miliyan 1.2. Kowa ya san wace ce: Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife. Ta zauna a gaban mai zane da saninta, da yardar gidansu. 'Yar sarki ba a ɗaukar ta daga cikin A Daidaita Sahu.

A ƙarshen taron an yi jawabin godiya. An gode wa masu zane, an gode wa masu saye, an gode wa masu zauren, da mai gwanjo, da masu abinci, har da samarin farar safa. Na kasa kunne ko za a ce wani abu game da mutanen da ke cikin gilasan, su da aka kwana ana kallo. Ba a ce ba. Ba na jin mugunta ce, mantuwa ce, kuma ita ta fi damuna. Mai sayen nan na waya shi ya zaɓi a ɓoye sunansa. Ɗan garuwa ba a tambaye shi ba. Shi kuwa mutum ne da sana'arsa gaba ɗaya a kan sallama take. Sau hamsin a rana zai tsaya a bakin zaure ya ce, "Salamu alaikum, a shigo da ruwa?" ya jira mata su kimtsa, sai an ce ya shigo sannan ya ɗaga ƙafa. Mutumin da ba ya shiga gidan kowa sai da izini, shi aka kai gida talatin ba tare da an yi masa sallama ba.

Wataƙila ma da an tambaye shi ya ce a'a. Akwai wanda ba ya son hoto saboda abin da ya ji daga malaminsa. Akwai ɗan ci-ranin da mutanen garinsu ba su san kura yake turawa ba, kuma ba ya so su sani. Wani kuma zai yi murna ya ce a rubuta har sunan ƙauyensu. Ko wanne ne, amsar tasa ce. Saurayin ya gaya min cewa ban da talatin ɗin, mai zane yakan ajiye wa kansa guda biyu ko uku na gwaji, waɗanda ba sa cikin lissafi. Na ce masa da ni ne, ɗaya daga cikinsu ta mutumin Fagge ce. Ya ce lungun bai ɓace masa ba, in ya je Kano zai neme shi. Ina fata ya je.

Na dawo Kano da ɗan littafin da aka jera hotunan a ciki. Unguwarmu tana cikin waɗanda ruwan Challawa da Tamburawa ya daɗe bai leƙa ba, famfonmu ya zama wurin rataya tsumma. Wanda yake kawo mana ruwa ɗan wajen Damagaram ne, yakan zo bayan an gama girbi, in ruwa ya faɗi ya ba wani ƙaninsa kurar ya koma gona. Sunansa yana bakin kowa a lungunmu, yara ma sun san sunan babbar 'yarsa, ni dai ban nemi izininsa in sa shi a takarda ba. A bangon zaurenmu akwai jerin zane da gawayi, kowace jarka sanda ɗaya, in sun kai biyar a ja musu ɗaya a gicciye. Ranar Juma'a uwargida ta ƙirga ta biya, a goge a sake sabo. Shekara huɗu ana haka, ba a taɓa musu a kan sanda ɗaya ba.

Da safe da ya zo na tare shi a ƙofa, muka gaisa, na buɗe masa shafin. Sai da ya goge hannuwansa a jikin riga, ciki da baya, sannan ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, wannan ya daɗe a sana'a," ya ce. "Dubi inda ya sa dutsen. A gangare ya tsaya, sabon shiga da tuni kura ta tafi ta bar shi. Kuma tayar nan tasa ta kusa, ka ga ta fara kwanciya."

Ya kai littafin kusa da fuskarsa, ya ɗan haɗe gira.

"To amma me ya sa yake karɓar kuɗi da hagu?"

Na karɓa na duba. Da hagu ne. Yaron ma da hagu ya miƙo. Na tsaya minti goma a gaban hoton nan a Abuja, mutum sama da ɗari sun kalle shi, an yi ta tayi har dubu ɗari huɗu da hamsin, ban ji wanda ya lura ba. Na yi masa bayanin roba da tawada da yadda komai yake fitowa a juye kamar hatimi, na ce mutumin da dama ya karɓa, bugu ne ya juya shi.

"Guda nawa ka ce an yi?"

Na ce talatin.

"Kai. Gida talatin ana ganinsa yana karɓa da hagu. Ai sai a ce ba shi da tarbiyya, alhali bawan Allah bai yi ba."

Motata tana ajiye a ƙofar gida. Na ce ya zo. Na kara shafin a gaban madubin gefe, ya sunkuya ya leƙa. A cikin madubin kura ta koma ɗaya gefen, lungun ya juya, hannun da ya miƙa ya zama na dama.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ya yi daidai."

Ya miƙe, ya ciro jarka biyu daga kura, ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama. Daga ciki aka ce ya shigo. Ƙaramar 'yata ta fito da guntun gawayi ta ja sanda biyu a bango.